Takardar da Ba a Sa Suna

Mu uku muna koyon aikin jinya a wani ƙaramin asibiti wajen Tajaye, sai aka aiko da takarda daga lakwal, makarantarmu. Wai ana son a auna ko hankalinmu kwance yake, kuma ko muna da wanda muke faɗa wa damuwarmu. Majo, shugaban wurin, ya ce ba a sa suna.

Raina wa wa hankali? Kullum shi ke duba rubutunmu cikin rajista, kuma shi zai ba mu maki.

Na rubuta komai lafiya lau, ina rufe takardata da tafin hannu. Da na saci kallon ta kusa da ni, ita ma ta rufe tata. Wata huɗu muna kwana ɗaki guda.