Malamar da Ke Kuskure da Gangan

Kafin a buga ƙararrawa, Malamar Aji Ɗaya ta riga ta ture bencuna jikin bango, ta shimfiɗa tabarma a tsakar aji, ta fito da littattafan nan nata da suka sha liƙi har sun gaji. Shekara talatin da biyu haka take yi. Sau uku ana ba ta babban aji, tana cewa a bar ta da masu majinarta. A wannan watan take ajiye aiki, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

Dabararta ɗaya ce, wanda bai sani ba sai ya rantse ba ta iya karatu ba. Takan karanta wa yara labari sau biyu, sau uku, yatsanta na bin layi. A na huɗu sai ta ɓata shi da gangan. Inda aka rubuta akuya ta ci ganye, sai ta ce akuya ta hau keke. Nan take aji ya kaure: "Ba haka ba ne, Malama!" Ita kuwa ta ɗaure fuska ta ce, "To, ku nuna min inda aka rubuta." Ba abin da yaro ke so irin ya kama babba da kuskure, sai ka ga ana rige-rigen ɗora yatsa a kan kalma.

Akwai 'yar wani kafinta da ake kira Auta. Shekara ta kusa ƙarewa, ba a taɓa jin muryarta a aji ba. Abin ya tsaya wa Malama a rai, don ta lura idon yarinyar na bin yatsanta, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Uban kuwa ya riga ya yanke shawara: tunda kan ba ya ɗauka, gara ta zauna gida ta taya uwarta aiki.

Ranar da ya zo tafiya da ita, ya tsaya a bakin taga da garin katako a kafaɗa. Malama ta gan shi, ta san abin da ya kawo shi. Sai ta jawo Auta gefenta, ta ce kowa ya kama bakinsa, yau ita da Auta ne. Ta ɗora yatsa ta karanta: "Kaza ta haifi jaki."

Yara na ta mutsu-mutsu, magana na cin su. Ta sake maimaitawa. Kafinta ya ja tsaki daga taga.

"Ƙwai," in ji wata 'yar siririyar murya. "Kaza ta yi ƙwai uku."

"Ina? Ni ban gani ba."

Auta ta ture yatsan Malama, ta sa nata, ta karanta layin, ta zarce na ƙasansa, ba ta tsaya ba sai da shafin ya ƙare.

Kafinta da bakinsa yake ba da wannan labari har yau. Ya jira aka tashi, ya matso ya ce, "Malama, ni fa ko sunana ban iya karantawa ba. Da me zan taimaka mata a gida?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai kai ka fi ni, Baban Auta. Ni sai na ƙirƙiro kuskure, kai naka a shirye yake. Riƙe littafin ka faɗi duk abin da ya zo bakinka, ita za ta gyara maka."

Ke ce, Malama, kika yarda 'yan shekara shida su yi ta yi miki dariya domin bakinsu ya buɗe. Tsani mai haƙuri, an taka ki an hau, ba ki taɓa cewa a waiwayo ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Mu kuma iyaye, uzurinmu ya ƙare. Wanda ya iya karatu ya zauna da ɗansa ya yi kuskure da gangan, wanda bai iya ba ya yi na gaske. Kafinta ya gwada. Yau da kansa yake karanta takardar asibiti, kuma 'yar da ya zo cirewa daga makaranta ce ta koya masa.