Mutumin da Ya Yi Gudu da Ni a Mairuwa

Jama'a, wannan labarin ba ji na yi ba, ba kuma wani ya ba ni ba, da ni ya faru, da rana tsaka, ina cikin hankalina, kuma wallahi tallahi ko gishiri ban ƙara mashi ba. Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta wajen Mairuwa, ƙasar Faskari, tun hanyoyin can suna biyuwa, mutum ya ratsa gonaki shi kaɗai ba ya tsoron a tare shi da bindiga. Yau na ba sittin baya, na yi ritaya, gwiwata ta hagu sai an lallashe ta kafin ta yarda mu yi ruku'u, amma har gobe in gari ya waye ban ɗan zagaya ba jikina ba ya yi mani daɗi.

Ni gudu tun ina sakandare a Ƙanƙara na same shi, kuma ba da takalmi muke yi ba, ƙaya ta soke ka, ka tsaya ka zare ta da hannu ka ci gaba. Sai da na fara ɗaukar albashi na sayi kambas fari, ina wanke shi ina goga mashi alli kamar wani abin ado. Duk inda na ji an ce akwai gudun yada ƙanin wani sai na je, Ƙanƙara ne, Faskari ne, Funtuwa ne, sau ɗaya har Katsina. Ba don ina ci ba fa. Iyakar abin da na taɓa yi na uku, aka ba ni bokitin roba, iyalina ta yi ta wanki a cikinsa har ya fashe. In na fita da safe manoma su ɗago daga kunya su ce, "Malam, lafiya? Wa ya koro ka?" In ɗaga masu hannu in wuce. Ba su san daɗin da ke cikin abin ba, lokacin da numfashi ya daidaita da ƙafa, duk damuwar da ka fito da ita ta zube a hanya.

To akwai abokina Malam Sale, shi ma malamin makaranta, siriri kamar sillen kara, ga ban dariya. Shekara ashirin da wani abu muna haɗuwa a filin gudu, ko sau ɗaya ban taɓa riga shi isa ba. Yana da wata ɗabi'a, in ya zo wuce ni sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, me za a ce wa mutanen gida?" Ina dariya a fili, amma Allah ya sani abin yana ci mani rai. Ba kyauta nake nema ba, so nake rana ɗaya tak in ga Sale a bayana kafin tsufa ya zaunar da mu duka.

Shekarar da abin ya faru ina da arba'in da bakwai. Malamai da matasan yankin suka shirya tsere, tsakiyar damina, masara ta fi mutum tsayi, sai dai ruwa ya ɗauke fiye da mako guda, ƙasa ta bushe ƙamas, har an fara maganar roƙon ruwa. An ce za a tashi da hantsi, aka zauna jiran babban baƙo, kun dai san halinmu, ba a busa usur ba sai da rana ta kusa kaiwa tsaka. Za a tashi daga filin makaranta, a bi kwalta kaɗan, a karya a shiga wani dogon burtali, hanyar shanu tsakanin gonaki, a zagayo ta wajen dam, wato madatsar ruwan yankin, a dawo. Wuri uku aka aje mutane da tebur da ruwan sha, suna rubuta lambar duk wanda ya wuce.

Ko teburin farko ban kai ba gwiwar nan ta fara yi mani ciwo. Samari suka yi ta wuce ni, Sale ya zo ya dafa ni ya faɗi maganarsa ya yi gaba, ina kallon jar rigarsa har ta ɓace a kwana. Na waiga, babu kowa a bayana, ni ne na ƙarshe. Wani baƙin ciki ya taso mani, na ce shi ke nan, an gama da ni, wannan shi ne guduna na ƙarshe kuma da kunya zan rufe shi.

Ina cikin haka sai na ji takun ƙafa a bayana, tas, tas, tas, irin na wanda ba shi da takalmi. Na ce ikon Allah, ashe akwai wanda na fi. Kafin in sake waigawa ya iso gefena na dama. Mutum ne baƙi, dogo, ba zan iya ce maku ga shekarunsa ba, da gajeren wando na saƙi irin na mutanen da, babu riga, babu lamba a ƙirjinsa. Abin da na fara lura da shi, a cikin ranar nan da ke narkar da mutum, ko ɗigon gumi babu a jikinsa. Na yi mashi sallama ina haki, bai amsa ba, sai ya ce, muryarsa a kwance kamar wanda ke zaune a kan tabarma, "Ka gaji ne, Malam? Dubi ƙafata kawai. Inda na ɗauke tawa, sa taka."

Da na yi hankali, rashin amsa sallamar nan ya ishe ni. Amma son rai mugun abu ne. Na sunkuyar da kai na bi ƙafarsa.

Wayyo, jama'a! Ciwon gwiwa ya ɗauke ɗif. Numfashina ya buɗe, jikina ya yi sakayau kamar an mai da ni ɗan shekara goma sha bakwai, masara tana wucewa ta gefen idona kamar ina cikin mota. Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye maku ba, har ina cewa a raina yau Sale zai sha mamaki. Sai can na fara lura babu motsin komai. Babu kukan tsuntsu, babu kaɗawar ganye, ko takun nawa takalmin ba na ji, sai nasa kawai, tas, tas, tas. Ƙasar da nake takawa ta yi sanyi har yana ratsa takalmin, kuma wani wari yana tasowa, irin na rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. Na ce to ina teburan? Ina samarin da ke gabana? Yo ai ko tashi nake yi ya kamata in tarar da wani.

Na ce bari in tsaya. Ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Wallahi ina ba ta umarni tana ci gaba da abinta kamar ta wani ce aka ara mani. Na so in ɗaga kai in dubi fuskarsa, wuyana ya ƙi. Na buɗe baki na ce, "Baba, don Allah, ina za mu?" Ya ce, "Ba a gudu da magana." Nan fa tsoro ya shige ni har cikin ɓargo, na tuna 'ya'yana, na tuna ko karyawar kirki ban yi da su ba na fito. Na kama Innalillahi, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura mashi dutse, na dai yi ta ja, na samu A'uzu billahi ta fito, na maimaita, na sake maimaitawa da iyakar ƙarfina. Na ji ya yi tsaki, guda ɗaya. Sai kawai na ji ni rub da ciki a kan ciyawa.

Da na ɗago, filin makarantarmu ne. Ta bayan ajujuwa na ɓullo, inda babu wata hanya sai gonar hedimasta. Masu shirya taro ko jera benci ba su gama ba, babban baƙo yana shan lemo. Aka yo kaina a guje. Daga tafin ƙafata har cinya laka ce baƙa wuluk, jiƙe sharkaf, har tana ɗiga, alhali ƙasar wurin ja ce, kuma na gaya maku ko yayyafi ba a yi ba kwana da kwanaki. Faratan manyan yatsun ƙafata biyu sun fita. Wanda ya zo na farko na gaske a tseren, wani saurayi ɗan Faskari, bai iso ba sai da aka kusa rabin awa ina zaune ana yi mani fifita.

Aka aika wurin masu tebura, duka ukun suka rantse ba su ga wucewata ba. Sai surutu ya tashi, wai kabu-kabu na hau ya zagayo da ni ta baya, lakar ma shafawa na yi don a ce na sha wahala. Na rantse, na sake rantsewa, har da hawaye, dattijo da ni a gaban ɗalibaina. Wani tsohon Bamaguje da ya zo kallo ya tsuguna, ya lakato lakar da yatsa ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Malam, wagga ba a samun ta bisa ƙasa, ta ƙarƙashin ruwa ce." Na ce, "Baba, me ke nan?" Ya goge yatsansa a ciyawa ya tashi ya yi tafiyarsa. Sale ya iso na shida ko na bakwai, ya tsaya nesa da ni, ko kallona bai yi ba. Wannan ya fi komai yi mani zafi, don na ɗauka shi ma ya yarda maguɗi na yi.

Kwana uku na yi ina zazzaɓi, ƙafafuna suna motsi da kansu sai an danne su, liman yana zuwa yana yi mani tofi. Da na warke sai sunan Malam Kabu-kabu ya bi ni, a kasuwa, a makaranta, har ƙofar masallaci. Na kasa jurewa, na nemi a mai da ni ƙasar Sabuwa, na ƙarasa aikina a wajen Damari. Na fi shekara biyu ban sa takalmin gudu ba. Da na koma, sai tare da mutane, a bakin titi, a hankali, kuma ban sake liƙa lamba a ƙirjina ba. Ni da Sale sai gaisuwar biki da ta'aziyya.

Shekara uku da suka wuce aka ce mani yana kwance ba lafiya a Ƙanƙara, yana nemana. Na hau mota na je. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya sa aka ba mu wuri, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ka yafe mani. Ran nan na gan ka." Na ce, "Ka gan ni ina?" Ya ce, "A burtali, gab da dam. Ku biyu kuka wuce ni. Idonka a rufe yake ruf, ƙafarka ko ƙasa ba ta taɓawa sosai, shi kuma ya riƙe wuyan rigarka yana ja kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ba hanyar makaranta kuka nufa ba, ruwa kuka nufa. Da kuka zo daidai ni ya juyo ya dube ni, ya ɗora yatsa a baki. Tun ranar ban iya gaya wa kowa ba, ko iyalina." Na ce, "Yaya fuskarsa take?" Ya rintse ido ya juyar da kai bango, ya ce in bar zancen. Bayan kwana tara aka yi jana'izarsa, Allah ya jiƙansa da rahama.

Har yau ban san wane ne ba, ban san me ya so yi da ni ba, ban kuma san yadda aka yi na tsinci kaina bayan ajujuwa ba. Yanzu haka da nake rubuta maku, gashin hannuna a miƙe yake.

Ku samari masu sha'awar gudu, ku yi, abu ne mai kyau, ya riƙe mani lafiya har tsufa. Amma kada ku fita ba addu'a a bakinku, kada ku ratsa daji ku kaɗai rana tsaka. In kuwa kuna cikin gudu wanda ba ku sani ba ya jero da ku, kuka yi mashi sallama bai amsa ba, ku ja ku tsaya tun ƙafarku tana jin maganarku.