Bindigar da Ba a Kai Gindin Aduwa Ba

A gidanmu na Dakoro, zana ɗaya ce ta raba ƙofar ɗakin Iya da maƙerar Baba. Iya kakarmu ce, ita ta haifi Baba, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin sun tsaya sun yi magana ido da ido ba. In tana son a wasa mata wuƙa sai ta miƙo mini ta ce, "Dije, kai ma mutanen waje." In shi ya sayo mata goro ranar kasuwa, bakin ƙofa yake ajiyewa, ya yi gyaran murya ya wuce. Mutanen unguwa har misali suke bayarwa da su, wai tsohuwar nan ta san kunya. Ni ma a lokacin abin burge ni yake yi.

Da ɗari ya shigo, bayan an ci tuwo an yi sallar isha'i, Iya takan hura wuta da kara da busasshen kashin shanu, mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu da 'ya'yan maƙwabta. Takan binne gujiya cikin toka mai zafi, kuma duk wanda ya yi gyangyaɗi ya rasa rabonsa, ba ta da sassauci a nan. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga baƙuwa nan tahe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, mun matsa." Murya gare ta mai kauri kamar ta namiji, ta kuma iya kukan kura har ƙanena ya ƙanƙame ni. Ban taɓa jin ɗumi irin na wurin nan ba, kuma ba na ƙaryata wannan ko yau da nake jin haushinta.

Iya 'yar maƙera ce daga Bader Goula, matar maƙeri, uwar maƙeri. Lokacin da marigayi kakanmu ba shi da manyan 'ya'ya, ita ke riƙe masa zugazugi. Ta san ƙarfe fiye da maza da yawa. A bakinta na ji yadda kakanmu ke ƙera bindigar toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da siririn ƙarfe. Ba bututu yake samu ya ɗora a ƙota ba. Ƙarfe yake bugawa ya yi faɗi kamar ɗamara, ya naɗe shi a jikin sanda yana murɗawa, yana mayarwa wuta yana dukansa har gaɓoɓin su haɗe. Ta ce amfanin murɗin shi ne, in albarushi ya tashi, ƙarfinsa ba ya samun miƙaƙƙiyar hanya da zai bi ya tsaga hancin bindigar. In ya gama, sai ya kai ta bayan gari ya ɗaure a jikin aduwa, ya ɗura mata ninkin abin da mutum zai ɗura, ya ɗaura igiya a kunamar, ya koma bayan tudu ya ja. Sau uku. In ta tsira, shi zai fara ɗora ta a kafaɗarsa ya harba kafin mai ita ya taɓa ta. Da yawa sun fashe a jikin aduwar nan, aikin wata guda ya tafi a banza, amma ba wanda ya taɓa rasa ko farce.

Shekarar da nake aji biyar a lakwal, yayanmu Haruna ya shiga cikin samarin da ke buga bindiga a wurin biki. Ba harsashi suke sawa ba, albarushi ne da tsumma, ƙara kawai ake nema. Aka ce wani alhaji zai dawo daga Makka, za a tare shi a Kornaka ranar kasuwa, kuma Haruna ba shi da bindigar kansa. Baba bai ce masa komai ba, don shi ma Haruna ɗan farinsa ne, ba ya kiran sunansa. Sai kawai ya dawo wata rana da wani tiyon ruwa da aka cire daga tsohon pompo, ya jingine shi a zaure. Kwana huɗu suka rage. Kowa ya gane abin da yake nufi, Haruna kuwa har ƙasa ya durƙusa, don a rayuwarsa wannan ne abu na farko da ubansa zai ƙera da sunansa.

Ina tsaye Iya ta zo wucewa da buta. Ta tsaya, ta zura ɗan yatsanta cikin bakin tiyon, ta juya shi a hankali. Na ga fuskarta ta canza. Tiyon ruwa ɗinki gare shi, layi ɗaya miƙe daga sama har ƙasa, kuma tsatsa ta riga ta ci shi daga ciki. Ta dubi zanar maƙera, inda Baba ke fafe ƙota, taku biyar tsakaninsu. Ta ɗauki butarta ta wuce.

Haruna ta tara da yamma. Amma tsakanin kaka da jika wasa ne, duk abin da ta faɗa masa tun yana yaro cikin wasa ta faɗa.

"Maigida," ta ce, don haka take kiransa, "wagga amarya taka da aka ƙera ma, cikinta ruɓaɓɓe ne. Kak ka harba ta."

"Tsoro kika ji, tsohuwa," in ji Haruna, "kada in yi suna a Kornaka 'yammata su ƙwace miki ni."

Aka fashe da dariya, har da ita. Inna, mahaifiyarmu, tana gefe tana tankaɗe. Ta ji, kuma na san ta gane, amma ita ma ba ta da bakin nuna damuwa a kan ɗan fari a gaban surukarta. Ta ci gaba da buga rariya.

Da dare Iya ta hura wuta, ta matso da tabarma jikin zanar fiye da yadda ta saba. A ɗaya gefen Baba yana aiki da fitila, muna jin magagari yana cin ƙarfe. Ta ɗaga murya ta fara.

Wai a wani gari kura ta addabi mutane, kullum sai ta ɗauki tunkiya. Maƙeran garin biyu ne, kunkuru da dila. Kunkuru in ya kama bindiga sai an ci kasuwa bakwai bai gama ba, yana murɗa ƙarfe, yana kai wa aduwa ta ɗanɗana. Dila ya ce wannan ai ɓata gawayi ne. Ya shiga fadama ya saro gora, ya shafe ta da baƙin tukunya da man shanu har ta yi ƙyalli, ya yi mata ƙota mai zane, kwana ɗaya ya gama. Aduwa ta ce masa, "Kawo in gani." Dila ya ce, "Ke da ba ki da hannu, mi za ki gani?" Aduwa ta ce, "Don ba ni da hannu aka kawo man." Dila bai saurara ba, ya sayar wa wani baƙo. Da kura ta zo baƙo ya ja kunama, gora ta tarwatse, kura ta kwashe tunkiya ta tafi tana dariya. "Ƙurunƙus," in ji Iya, "sauran ɓera ya ja rami." Muka yi ta dariyar baƙo, muka ci gujiya.

Kashegari ta sake kawo ta, sai dai wannan karon maƙwabcinsa dila ya ba bindigar. Ƙanena ya ce, "Iya, ai jiya ita kinka yi muna."

"Ba da ku nika ba," ta ce. "Ku ci gujiyarku."

Dare na uku bindigar Haruna ta kusa haɗuwa, mun ma ga ƙotar, Baba ya yi mata ado da jan ƙarfe, kyakkyawa ƙwarai. Ba a kai ta bayan gari ba. Tiyo ɗaya ne, in ya fashe a jikin aduwa babu wani, ga shi gobe za a tafi. Iya ba ta binne gujiya ba ranar. Ta ja tatsuniyar a hankali, ba kukan kura, ba kwaikwayon tafiyar kunkuru. Da ta kai inda dila ya gama bindiga sai ta ce, "To, wanga karo babu baƙo, babu maƙwabci. Ɗan dila ne ya ce, Baba ba ni in gwada. Dila kuwa shina sane gora ce. Shi ya saro ta da hannunai."

Magagari ya tsaya a bayan zana. Na ji tsayawarsa sarai, har ƙarar kara a cikin wuta muna ji. Iya tana jira, mu kuwa ba mu san abin da ake jira ba. Can sai magagari ya ci gaba. Iya ta tura itace cikin wuta ta ce mu tashi mu kwanta, ba ta ko rufe tatsuniyar ba.

Abin da ya faru a Kornaka abokansa ne suka faɗa mana. Ana auna albarushi da yatsu, a zura ƙarfen dannawa a ga yatsu nawa ya rage a waje. Baba ya aika wa Haruna ta bakin wani cewa kada ya wuce yatsa biyu. Amma duk maƙerin da ke ƙasar nan ya san saurayi a gaban jama'a ba ya tsayawa a biyu, don wanda bindigarsa ta fi ƙara shi mata ke yi wa guɗa. Dalilin da ya sa ake ninka wa aduwa ke nan. Haruna ya harba ta farko da yatsa biyu, aka yi masa dariya wai tari ta yi. Ya ɗura huɗu. Tiyon ya buɗe ta kan ɗinkin, daidai inda hannunsa na hagu yake riƙe.

Aka wuce da shi Maradi. Likita ya yanke hannun daga wuyan hannu. Hagu kuwa ita ke riƙe awartaki, don haka ranar ƙira ta ƙare a gidanmu, sana'ar da aka gada tun kakan kaka.

Da labari ya iso, Inna ta faɗi a tsakar gida tana kiran "Haruna, Haruna," sunan da ban taɓa ji a bakinta ba. Iya kuwa ta tashi ba mayafi, ta ture zanar nan har ta faɗi, ta tsaya a kan Baba yana zaune gaban uwar maƙera.

"Idi," ta ce. "Idrisu. Kwana ukku ina yi ma magana."

"Na jiya, Iya," ya ce, kansa a ƙasa. "Dut na ji."

"To mi ya hana ka?"

"Na ce in da gaske ne, da kin hwaɗa man."

Ina da shekara goma sha ɗaya, amma na gane abin da na ji. Ashe duk sun sani. Iya ta sani tun da ta zura yatsa, Inna ta sani tana tankaɗe, Baba ya sani tun a gindin pompo. Mutum uku masu ƙaunar Haruna, kowa ya tsare mutuncinsa bai yi abin kunya ba, shi kuwa ya biya da hannu.

Iya ta ci gaba da hura wuta a ɗarin da ya biyo, yara suna zuwa. Ni ban sake zama ba. Takan aiko mini da gujiya a ƙoƙo, ni kuma sai in ba ƙannena. Ta rasu ina koleji ban taɓa gaya mata dalili ba, wato ni ma irin tasu na yi mata. Baba ya koma gyaran garma da kwashe, bai sake taɓa bindiga ba har ya bar duniya.

Haruna yana nan a kasuwar dabbobi, yana dillancin awaki ga makiyayan da ke gangarowa daga Azagor. Yakan naɗe igiya a dungun hannun ya ja akuya uku. Shi ba ya riƙe kowa a zuci, yana cewa ƙaddara ce, kuma shi ya ɗura huɗu. Na yarda da ƙaddara. Amma kakanmu ma ya yarda da ita, hakan kuma bai hana shi kai bindiga gindin aduwa ba.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan. Da ina yarinya na ɗauka darasinta shi ne kada a yi aikin ganin ido, kuma gaskiya ne, har ɗalibaina ina gaya wa haka a lakwal. Ana cewa in kunne ya ji jiki ya tsira. A gidanmu kunne ya ji har sau uku. Abin da na gane daga baya shi ne, hannunka-mai-sanda yana ba wanda ake yi wa damar ya yi kamar bai gani ba, yana kuma ba mai yin damar ya ce ai na faɗa. Kowa ya fita da hujjarsa. Iya ta fi kowa iya magana a unguwarmu, ta sa kura da dila da aduwa duk sun yi magana, amma kalma biyu, "Idi, bari," sun gagare ta sai da aka makara da kwana ɗaya.

Yanzu ina da ɗan fari, ya kai shekarun da Haruna ya tafi Kornaka. Sunansa nake kira, da ƙarfi, a gaban kowa. A bara ya sayo wani tsohon babur da birkinsa ba ya kamawa, na tsaya a ƙofar gida na ce masa ba zai hau ba sai an gyara, na karɓe makullin na sa a lalitata. Surukata ta ce wa maƙwabta matar ɗanta ba ta da kunya, 'yar lakwal ce, ta kama sunan ɗan fari kamar na baran gida. Maganar ta dawo kunnena a wurin wani suna, mata suna kallona suna jira in sunkuyar da kai. Haruna yana waje cikin maza. Na ce su leƙa su ƙirga masa yatsu, sannan su dawo su koya mini kunya.