Mai Jar Mota a Limanti

Daga cikin Keke Napep a unguwar Limanti nake hararar wani magidanci mai furfura a gemu, sanye da safar hannu ta 'yan tseren mota. Ya sa an zaunar da 'yar jar motarsa har cikinta na shafar kwalta, ƙarar salansarta kuwa sai ka ce janareton gidan biki. Ina jin bakanikensa ya fi iyalinsa ganinsa. Ga shi tudun rage gudu ya tokare shi, ya tare mana hanya.

"Hajiya, ɗan sauka motar ta ɗago," yake ce wa tsohuwar da ke gefensa.

Ta sauko da katin asibiti a hannu, ta shigo Kekenmu.

"Kyari, in motar tseren taka ta iso, ka same ni wajen likita," ta ce wa mai jar motar.