Kwalbar Denzil

A wata gonar inabi da ke gindin dutse, bayan garin Stellenbosch a Afirka ta Kudu, aka haifi Gawie Fortuin, a jerin fararen ɗakunan ma'aikata. Gonar ta iyali ɗaya ce tun kaka da kakanni. A zamanin uban Gawie, rabin ladan aiki da giya ake biya, gwangwani da safe, gwangwani da yamma, kuma Gawie yana yaro ya sha turo ubansa gida a cikin baro. Shi ya sa da aka ba shi aiki a ɗakin ƙasa, inda ake kwantar da jar giya ta tsufa, ya ɗaukar wa kansa alkawari: zai shinshina, zai ɗanɗana ya tofar, amma ba zai haɗiye ba. Har ya yi furfura, kowa yana ce masa Oom Gawie, wato Kawu Gawie, bai saɓa ba.

Gidan yana da wata al'ada. Duk jaririn da aka haifa a gonar, na babban gida ko na ma'aikata, ana ware masa kwalba ɗaya daga giyar shekararsa, a rubuta sunansa da farin fenti a gindinta. Ba a buɗe ta sai ranar da ya cika ashirin da ɗaya, a gasa kifi, a tara dangi, shi da kansa zai zare matoshin.

Gawie da matarsa Lenie sun daɗe ba su samu haihuwa ba, har sun fitar da rai, sai ga Denzil. Shekarar kuwa ta yi kyau, inabi ƙanana, baƙi wuluk. Gawie da hannunsa ya rubuta sunan, don ɗoki har harafin ƙarshe ya karkace.

Denzil ya tashi da surutu da ƙafar yawo. Yakan leƙo ɗakin ƙasa ya tambayi ubansa labarin kwalbarsa, ya ce, "Pa, ina ƙanwata? Ta yi nauyi kuwa?"

"Ta fi ka hankali dai. Ba ta taɓa fasa mini fitilar keke ba."

"Bari ranar ta zo. Sai ka sha ko da cokali ne, ko in kai ƙararka wurin fasto."

"Fice mini daga nan, mai kunnen ƙashi, kana ɗumama mini ɗaki."

Saura shekara biyu bikin, a tsakiyar girbi, aka kwashi matasa a bayan buɗaɗɗiyar mota za a kai su tsinkar inabi a wata gona. Birki ya tsinke a gangara. Denzil yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Ranar Asabar aka binne shi a bayan coci, ranar Litinin Gawie ya koma aiki, domin gangunan giya ba sa jiran kowa.

Ranar da ya kamata a yi biki ta zo ta wuce. Ba wanda ya ambaci kwalbar. 'Yan'uwanta na shekarar haihuwar Denzil aka yi ta sayarwa, ana kai su manyan otal a Cape Town, har ya zamana kaɗan suka rage. Ita tana nan a lungunta, Gawie yana share mata ƙura da hannun rigarsa.

Matoshin kwalba ma tsufa yake yi. In ya daɗe sai ya saki, giya ta riƙa tsiyaya, iska ta shiga ta kashe ta. Saboda haka lokaci lokaci akan zare tsofaffin matosai, a cika kwalba da giyar shekararta, a sa sabbi. Annelie, jikar tsohon maigidan, wadda yanzu ita ke riƙe da ɗakin, ma'aikata na ce mata Juffrou don girmamawa, tana cikin wannan aikin ta kai lungun. Ta ɗaga kwalbar ga haske. Giyar ta sauka daga wuyan kwalbar ta kai kafaɗa, bakin ya yi danƙo.

Ta ce, "Oom Gawie, tana zuba. A bari in buɗe in canza. Zan cika ta daga cikin namu na shekarar, ba komai."

"Ba ke za ki buɗe ba, Juffrou."

"To Oom ya buɗe da kansa."

"Ni ma ba ni ba ne."

Ta mayar da kwalbar a hankali.

Da ya gaya wa Lenie, tana yankan kabeji, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kawo ta gida. Mu kira 'yar'uwarka da abokansa, a sha, a ambaci sunansa da ƙarfi ko sau ɗaya. Na gaji da yin shiru a cikin gidan nan."

"Ba tamu ba ce, Lenie."

"To ta wa ce, tsoho? Ta ɓeraye? Kai kana da inda kake zuwa ka gan shi kullum. Ni dutsen kabari kawai aka bar mini."

Washegari ya narka kakin zuma ya tsoma bakin kwalbar. Ya san ba magani ba ne, shi da ya hana wasu yin haka. Ba a daɗe ba jan ɗigo ya ɓullo ta ƙarƙashin kakin. Ya tsayar da kwalbar don ta daina zuba, sai ya tuna matoshin zai bushe, ya sake kwantar da ita. Damina ta wuce, aka datse rassan inabi, sabon ganye ya fito, giyar tana ta sauka. Annelie ba ta sake yi masa maganar ba, sai dai in ta zo wucewa ta lungun takan rage sauri.

Sai da giyar ta sauka ƙasa da kafaɗa ya sami Annelie wata safiya wajen ganguna, hula a hannu.

"Juffrou, a yi."

Ta ɗora kwalbar a tebur, ta kankare kakin. Ƙarfen zare matoshi bai gama shiga ba matoshin ya marmashe, rabi ya faɗa ciki. Ta tsiyaya kaɗan a kofi. Launin ya koma na tsatsa. Ta kai hanci, ta daɗe, sannan ta miƙa masa. Tun kafin kofin ya iso ya ji tsamin.

"Da bara ne..." Annelie ta ajiye kwalbar. "In na cika ta ma, Oom, ba za ta dawo ba."

"Na sani. Kada ki ɓata taki. Sa mata sabon matoshi kawai."

Da tsakar rana ya tafi gida cin abinci. Lenie ta riga ta ji a bakin mata cewa an buɗe, ta sauko da kofunan gilashi na ranar aurensu ta wanke, ta jera a tebur. Ta dubi hannunsa, ta ga ba komai.

"Ina take?"

"Ta lalace, Lenie. Na makara."

Ta dubi kofunan. Sannan ta ɗauki tsumma, ta goge kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su saman kabad, ta zuba masa abinci.