Dallatu da Ƙwan Zabinsa

Dallatu mutumin Bagwai ne, kuma tun yana saurayi burinsa ɗaya: ya zama babban akanta, irin wanda ko sisi ba ya fita daga kamfani sai da sa hannunsa. Ya yi karatun a Kano, ya dawo da takardar shaida, ya sa ta a ƙasan akwati, ya ɗauki fartanya. Gonar gadon kuwa, bayan 'yan'uwa sun raba, in ka tsaya a tsakiyar tasa kana iya miƙa wa maƙwabci goro. Ga mata, ga yara, ga shekaru suna gudu, kamfanoni kuma ba sa ɗaukar sabon shiga da ya manyanta.

Abin takaicin, maganin yana kusa. Alhaji Tajuddeen, yayan mahaifin matarsa Hure, shi ne shugaban sashen kuɗi na wani kamfanin shinkafa a birni, kuma yana yawan zuwa gida. Amma suruki ne. Ina Dallatu zai iya haɗa ido da shi, balle ya ce yana neman aiki? Sai dai ya ciko ƙwarya da ƙwan zabi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin zaure.

"Dallatu, da magana ne?" Alhaji kan tambaya.

"A'a, Baba, gaisuwa ce kawai."

Shi a ganinsa ya gama faɗa. Ai mutum ba ya zarya da ƙwai haka kawai, babba zai gane. Hure ta yi kuka, ta ce bari ita ta je. Ya hana, wai kada a ce ya turo 'yarsu roƙo. An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, to shi kam da saninsa ya kwana.

Daminar da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, ya tarar da Hure tana share ƙasan rumbu da tafin hannu. Hankalinsa ya tashi. Ya je zauren da ƙwaryar ƙwai, ya faɗa wa Alhaji aikin akanta yake nema.

Alhaji ya gyara zama, ya ce:

"Akanta ka karanta? Na san ka yi makaranta, amma na ɗauka noman kake so. Shekarun baya na nemi ɗan gida da zai fara daga ƙaramin akawu, ya ci jarrabawar ƙwararru, ya hau a hankali har ya gaje ni. Da na rasa, na ɗauki bare. Watan jiya na yi ritaya. Shekarunka nawa yanzu?"

Dallatu ya faɗa, kansa a ƙasa.

Alhaji ya yi salati, ya kawar da kai. Can ya jawo ƙwaryar gabansa, ya ce, "Allah ya yi albarka. A gaida Hure."