Sheƙar da Ilu Ya Gani a Xintang

Shekara tara Ilu ya yi a Xintang ta ƙasar Sin yana duba wa 'yan kasuwar Kano wandunan jins kafin a ɗaure su. Ya ja zik, ya gwada maɓalli, ya bi ɗinki da yatsa. Haifaffen Gwammaja ne, ba shi da yawan magana. In aiki ya lafa, yakan zaga bayan wurin ɗinkin ya zauna ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya mai jijiyoyi a rataye.

Wata rana da aka yini ana yayyafi, ya ɗaga kai ya hangi wani tsiro zaune a tsakanin rassa. Ganyaye dogaye, kore shar, masu sheƙi, sun buɗe zagaye kamar kwando, kuma babu ƙasa a ƙarƙashinsu. Ya tsaya kallo har hularsa ta jiƙe.

Ya kira Madam Lin, tsohuwar da ke da wurin, ya tambaye ta da ɗan Sinancin da yake ji, yana kiranta laoban, wato shugaba: "Laoban, yaushe yake fure?"

"Meiyou," ta ce, tana girgiza kai. Ba ya fure. Ta janyo ganye ɗaya da mariƙin lema ta juya bayansa. Layuka ne ruwan ƙasa, jere kamar an zana da alƙalami. Ilu ya ɗauka ciwo ne. Ita kuwa ta faɗi sunan tsiron a wayarta, wayar ta fassara masa: sheƙar tsuntsu.

Ranar Juma'a, a wani gidan abinci a titin Huanshi Lu, ya nuna wa Malama Zalika hoton tsiron da ya ɗauka. 'Yar Maraɗi ce mai nazarin tsirrai a jami'a.

"Malam Ilu, wannan ai fougère ne da Faransanci, dangin da ba su fure," ta ce. "Layukan nan ba ciwo ba ne. Ƙurar iri ce a ciki, iska ke kwasa ta shuka. Duba jijiyar tsakiya, ka ga duhunta? Ganyen kuma bai tsattsage ba. Da haka ake gane shi."

"To me yake ci, Malama? Bishiyar yake tsotsa?"

"A'a, zama kawai yake. Ganye ya faɗo cikin kwandon ya ruɓe, ruwan sama ya taru, shi ke nan. Gidansa kurmi ne, inda inuwa da danshi ba sa ƙarewa. A tsibirin Hainan za ka ga wanda ya fi ka faɗi."

Tun daga nan maganar kurmin ta zauna masa. Yana ninke wando, yana jin kamar ruwa na ɗiga daga ganye zuwa ganye.

Da hutun sabuwar shekarar Sinawa ya zo, aka rufe wuraren ɗinki, sai ya tafi Hainan shi kaɗai. Ya bi wata siririyar hanya cikin duwatsu, hazo na shafar fuskarsa. Can sama, a kusan kowace bishiya, ga irin tsirran nan, manya da ƙanana, haske na ratsa ganyensu. Ya fara ƙirgawa, ya ɓata lissafi, ya bari.

Ya samu dutse ya zauna. Wani tsuntsu ya sauka cikin ɗaya ya ɓace, bai fito ba. Ilu ya jira shi har lokacin azahar, sannan ya gangara rafi ya yi alwala.